Kafin ka sa gidanka na Legas a kasuwa: tambayoyi da amsoshi kan kiran masani ya duba shi

Mutanenmu sun daɗe da mallakar gidaje a Legas. A Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Ijora da Alaba Rago akwai gidajen da aka gina da kuɗin goro da na shanu, yau suna hannun 'ya'ya da jikoki, wasu daga cikinsu ma suna zaune a Kano ko Sakkwato, kuɗin haya kawai ake aiko musu. Idan an tashi sayarwa, abin da aka saba shi ne a kira dillali, a watsa wa gidan fenti, a zauna jiran mai saye. Da zarar ka ce wa mai gida ya fara kiran injiniya ya duba ginin, sai tambayoyi su taso. Ga waɗanda aka fi yi.

Wane irin dubawa kuma, bayan dillali ya riga ya zo ya ga gidan?

Dillali unguwa yake gani, da faɗin fili, da yawan ɗakuna, da ko mota tana shiga layin. Aikinsa ke nan, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai an sallama. Dubawar da ake nufi a nan ita ce ka ɗauko masanin gini wanda ba shi da ko sisi a cinikin, ka biya shi ladan aikinsa, ya bi gidan tun daga tushe har rufi: bango, ginshiƙai, dakin (wato rufin kankare da ake zubawa a kan gini), katakon rufi, wayoyin wuta, famfo, sokawe, da hanyar da ruwan sama yake bi ya fita. A ƙarshe ya rubuta maka abin da ya gani, da hotuna, ya bambance abin da ke da haɗari, da abin da zai ci kuɗi nan gaba, da abin da muni ne kawai a ido.

Ai mai saye ne ya kamata ya duba. Me zai sa in kashe kuɗina in tono wa kaina aibi?

Wannan ita ce tambayar da kowa yake fara yi, kuma a fuska tana da ma'ana. Amma aibin yana nan ko ka tono ko ba ka tono ba. Abin da ya rage shi ne wa zai fara ganinsa, domin wanda ya fara gani shi ne yake yanka masa farashi.

A ce ka sa gida a kan naira miliyan 60. An yi tayi, an yi albarka, an daidaita a kan 55, har an ba da kafin alƙalami. Sai mai saye ya zo da injiniyansa, ya shiga banɗakin ƙasa, ya ɗaga kai ya ga kankaren dakin ya ɓantare, rodi ya fito ja wur da tsatsa. Daga wannan lokacin maganar ta bar hannunka. Zai ce gyaran miliyan 6 ne, kai kuma ba ka da wata takarda da za ka ce a'a da ita. Ƙila da ka kira mai gyara da kanka wata biyu kafin nan, da aikin bai kai rabin haka ba. Ga shi kuma ka riga ka yi wa kuɗin lissafi: akwai bashin da za a biya, akwai filin da aka yi maka alkawari a gida, ko magada suna ta bugo waya. Mutumin da ke cikin wannan matsin ba ya iya ja da kowa, sai ya sallama.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Mai saye da ya gano abu ɗaya da ba a faɗa masa ba, ba ya ƙara yarda da sauran maganarka. Zai fara tunanin me kuma aka ɓoye, ya rage kuɗi har a kan abin da lafiyarsa ƙalau. Wani ma ba zai yi ciniki ba, zai karɓi kafin alƙalaminsa ya tafi. Dillalan unguwa kuwa sun san juna, kafin sati ya zagayo labari ya bazu cewa gidan Alhaji wane yana da matsala, ko da matsalar yoyon bututu ɗaya ce. Gidan da ya daɗe a kasuwa, masu tayi da kansu suke fara raina shi.

Idan kai ka fara sani, zaɓi uku ne a hannunka: ka gyara a tsanake da mai aikin da ka yarda da shi, ko ka bari ka rage farashin daidai kuɗin gyaran, ko ka fasa sayarwa a bana. Duk ukun sun fi a yanka maka hukunci a tsakar gidanka.

Doka ta wajabta a yi?

Babu dokar da ta ce sai ka kawo rahoton injiniya kafin ka sayar da gidanka. Amma a Legas hukuma tana da ido a kan lafiyar gini fiye da yadda aka saba a garuruwanmu. Dokar tsara birane ta jihar ta 2010 ita ce ta samar da LASBCA, hukumar da ke sa ido kan gine-gine, wadda take da ikon sa wa gida alama, ta nemi a yi masa gwajin ƙarfi, ta fitar da mutanen ciki, har ta rushe shi idan ya zama barazana. Dokar ta kuma tanadi cewa ginin da ya rufta saboda sakacin mai shi, gwamnati na iya ƙwace wurin.

Ba haka kawai aka tsananta ba. A Satumbar 2014 masaukin baƙi na wata majami'a a Ikotun ya rufta, mutum fiye da 100 suka rasu. A Maris ɗin 2019 wani bene mai makarantar yara a Ita Faji, cikin tsibirin Legas, ya faɗi ana tsakiyar karatu. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 kuma dogon bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi ya zube, sama da mutum 40 suka mutu. Masu sayen gida a Legas suna da wannan a ransu, shi ya sa duk wanda zai zuba kuɗi mai kauri yanzu da wuya ya zo ba tare da injiniya ba, balle idan banki ne zai ba shi rance.

Gidana ya shekara talatin a tsaye. Me zai same shi?

Ruwa. Kusan duk ciwon gidan Legas, idan ka bi salsalarsa, ruwa ne. Ruwan saman da ke sauka a Legas a shekara ya kusa ninka na Kano, iskar kuma cike take da laima ko da rani, saboda haka bangon da ya jiƙe ba ya samun ranar da za ta busar da shi kamar a Arewa.

Ta ƙasa, danshi yana hawa bango idan ba a shimfiɗa abin tare shi a kan tushe ba, ko kuma ya lalace. Alamarsa ita ce fenti ya riƙa kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa a jikin filasta. Abin da ya ƙara dagula tsofaffin unguwanni shi ne duk sanda aka gyara titi sai an ɗaga shi, maƙwabta kuma da suka sake gini sun cike filayensu sun ɗaga. Sai gidan da a da ake hawa matakala a shiga ya koma ana gangarawa, ruwan layin gaba ɗaya ya mai da tsakar gidanka masauki.

Ta sama, kwano ne da ya tsufa, da ƙusoshin da suka ci rami, da indararon kankare da ake ɓoyewa a bayan bangon rufi don ado. Wannan indararon, ganye da leda suna toshe shi, ruwa ya kwanta, ya riƙa tsatsafowa cikin bango shekara da shekaru ba wanda ya hau ya gani. Inda katako ya jiƙe kuma gara ba ta jiran gayyata.

A unguwannin da ke kusa da teku ko tafki, irin su Lekki, Ajah, Obalende, Apapa da Ijora, akwai ƙarin gishiri. Gishirin iska, da na yashin da aka kwaɓa kankare da shi idan ba a wanke ba, yana ratsawa ya kai ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ture kankaren da ya lulluɓe shi har ya fashe. Shi ya sa za ka ga gefen baranda ko ƙasan dakin yana zubar da ɓarɓashi. Wurare da yawa a wannan yankin fadama ce aka cike da yashi, idan ba a yi tushen da ya dace ba, gini yana nutsewa a hankali, wani lokacin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya.

Masu gidaje a wajejen Mile 12, Agiliti, Owode da Isheri suna da nasu daban: kogin Ogun, wanda yake cika ya malalo musamman a Satumba da Oktoba idan an saki ruwan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta. Mai saye da ya san Legas zai duba layin da ruwa ya bari a jikin katanga tun kafin ya shiga falo.

Akwai tsagewa a bangona. Shi ke nan gidan ya tashi aiki?

Ba kowace tsagewa ce abin tsoro ba. Siraran nan masu kama da gashi da ke yawo a fuskar filasta, yawanci filastar ce ta bushe ta ja jiki, aikin mai fenti ne. Wadda ake tsayawa a kanta ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, ko kuma ana ganinta ciki da waje a wuri ɗaya. Idan faɗinta ya kai milimita 5, ko tana ƙaruwa, ko ƙofofin wannan ɓangaren sun fara ƙin rufuwa, to mai yiwuwa ƙasa ce take motsi a ƙarƙashin ginin. Tsagewa a jikin ginshiƙi ko dakin kuwa, komai ƙanƙantarta a bar wa injiniya.

Amfanin rahoto a nan babba ne. Mai saye da bai san gini ba, kowace tsagewa rushewa ce a idonsa. Takardar masani da ta ce wannan ta filasta ce kawai tana iya tsare maka miliyoyi.

Wa zan kira? Maginin da ya saba yi mini aiki bai isa ba?

Maginin naka yana iya fin wani mai digiri sanin bulo da siminti, ba a raina shi ba. Matsala biyu ce. Na farko, bakinsa ba hujja ba ne a wurin mai saye ko banki. Na biyu, shi ne zai yi gyaran, don haka ko dai ya ga aikin da babu, ko ya rufe wanda hannunsa ne ya ɓata tun farko.

Don ƙarfin gini, nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Masana aikin gini masu rajista suna ƙarƙashin tasu hukumar, CORBON, masu zanen gini kuma tasu ita ce ARCON. Mai ƙiyasta darajar gida daban ne, shi ɗan ƙungiyar masu wannan sana'a ne, wato NIESV, mai rajista da hukumarsu ta ESVARBON, kuma shi ne zai gaya maka abin da gidan zai yi a kasuwa bayan an san lafiyarsa. Ka nemi lambar rajistar mutum ka tabbatar, kada ka ji nauyi, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Idan ana bukatar gwajin kankare, jihar tana da hukumar gwajin kayan gini, akwai kuma ɗakunan gwaji masu zaman kansu.

Wanda dai ba zan ba ka shawarar ɗauka ba shi ne injiniyan da dillali ya kawo. Ba zargi ba ne, amma wanda abincinsa yake hannun mai son a sallama da wuri, alƙalaminsa yakan yi laushi.

Yaushe ya fi dacewa?

Da damina, musamman Yuni ko Yuli, in da hali washegarin ruwa mai ƙarfi. A watan Janairu kowane gida a Legas salihi ne. Idan da rani za ka sayar, a yi dubawar duk da haka, sai dai a sa tiyo a jiƙa rufi da banɗakunan sama a gani. Ka ba kanka wata biyu ko uku kafin ka gaya wa dillalai, don gyara ya samu lokacin bushewa.

Nawa ake biya?

Ya danganta da girman gidan, da yawan hawa, da ko ido da ƙananan na'urori sun wadatar ko sai an yi gwajin kankare. Ka ji farashin mutum biyu ko uku, a rubuta abin da aikin ya ƙunsa kafin a fara. Kuɗin ya zama tsayayye, kada a ɗaura shi a kan farashin da gidan zai yi.

Me zan gani ranar da za a duba?

Ka kasance a wurin, ko ka wakilta wanda idonsa yake buɗe. Mai aikin kirki ba ya farawa daga falo. Zai fara zagaya gidan ta waje, ya duba inda ƙasa ta karkata, ya leƙa kwata ya ga ko tana tafiya ko ta tsaya. Zai sa a ɗaga murfin sokawe. A ciki za ka ga yana ƙwanƙwasa bango da gindin sukudireba yana saurare: inda filasta ta kama, sautin a cike yake, inda ta saki kuwa sai ka ji ƙwal-ƙwal kamar ba komai a baya. Haka zai bi tayil ɗin ƙasa. Zai manna wa bango wata 'yar na'ura mai auna laima, ya ja kabad ko gado ya duba bayansu, don nan ne baƙin funfuna yake ɓuya.

Sai ya nemi tsani ya buɗe ƙofar silin ya shiga da tocila. A can zai kashe tocilar ya ga ko haske yana shigowa ta jikin kwano, ya soka wa katako sukudireba. Katakon da gara ta cinye yana nan da siffarsa kamar lafiyayye, amma ƙarfen zai shige shi ba tare da an danna ba, gari ya zubo.

A ɓangaren wuta zai buɗe akwatin fis ya duba ko akwai alamar ƙuna, ko an haɗa waya ta ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, da yadda aka haɗa layin janareta da na kamfani. A tsofaffin gidajen haya nan ne ake ganin abin mamaki, kowane ɗan haya da ya zauna ya ja tasa wayar ya tafi ya bar ta. Zai kuma auna tazarar bohol da sokawe. Ana so su yi nisa da juna sosai, mita 30 in da hali, alhali cikakken fuloti a Legas ƙafa 60 ne a 120, wato wajen mita 18 a 36, kuma maƙwabcinka ma yana da nasa sokawen a jikin katangarka. Idan tazarar ta yi kaɗan, a kai ruwan a gwada.

Duk abin da aka rubuta sai na gyara?

A'a. Rahoto yakan yi tsawo, kada ya firgita ka. Ka fara da abin da zai iya kashe mutum: wayar wuta, dakin mai zubar da kankare, baranda mai rawa, murfin sokawe da ya tsage. Sai abin da yake ƙara lalacewa kullum, wato duk wani yoyo da gara. Waɗannan gyaransu yana mayar da kuɗinsa.

Abin da ba na ganin amfaninsa shi ne ka canza tayil, ka sa sabon kicin, ka yi silin na zamani don ka burge mai saye. Da wuya ya biya ka abin da ka kashe, kuma ƙila matarsa ta sa a ɓalle shi a watan farko. Babban aiki irin na ƙarfafa tushe kuma, sau da yawa gara ka karɓi ƙiyasin kuɗinsa a rubuce daga wurin mutum biyu, ka ajiye wa mai saye, a cire daga farashi. Duk gyaran da ka yi, ka ɗauki hoto kafin da bayan aiki, ka adana rasit.

To in na yi fenti na yi shiru fa? Ido wa ka raina?

Mai saye a Legas ba ya cikin waɗanda ido zai raina. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, ko a kusurwa ɗaya ta silin, shi ne wurin da injiniya yake fara dosa. Fenti a kan danshi kuma ba ya daɗewa yake kumbura.

Ta fuskar dokar ƙasa, gaskiya ne an ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa. Amma wannan bai ba ka damar yin ƙarya idan an tambaye ka ba, ko ka rufe aibi da gangan don a ruɗu. Wanda ya yi haka ana iya kai shi kotu a nemi warware ciniki ko diyya, matsalar da ta shafi mallaka kuwa dole ne ka bayyana ta.

Ta fuskar addini maganar ta fi haka tsauri. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tarin abinci, ya sa hannu a ciki ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙi a kan mai sayarwa. Wasu sukan ce to gara kada su sani, don kada nauyi ya hau kansu. Mutumin da ya shekara goma yana tara bokiti a ƙarƙashin silin duk damina, ba rahoton injiniya ne zai fara sanar da shi ba.

Ka yi fentinka bayan an gyara, ka gaya wa mai saye abin da aka gyara. A sa lauya ya rubuta a cikin yarjejeniya cewa an ba shi rahoton ya karanta ya amince.

Akwai 'yan haya a ciki. Yaya za a yi?

Ka sanar da su tun da wuri, a sa ranar da za su kasance a gida, kada a faɗa musu ɗaki ba sallama. Ka kuma bar injiniya ya yi hira da su ba a gabanka ba. Babu wanda ya san gida kamar matar da take share shi kullum: ita ta san ɗakin da ke yoyo, da soket ɗin da ke jan mutum, da inda ruwa ya kai a ambaliyar bara.

Dubawa ba takardar tashi ba ce, ka bayyana musu haka don hankalinsu ya kwanta. Idan mai saye yana son gidan babu kowa, dokar haya ta jihar ta 2011 ta ba mai biyan shekara-shekara sanarwar wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya, sai fa idan yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Dokar ba ta shafi Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ba. Ka sa wannan lokacin a lissafinka kafin ka yi wa mai saye alkawarin ranar miƙa makulli.

Gidan gado ne, mu kuma duk muna Arewa. Akwai bukata?

Ku ne ma kuka fi kowa bukata. Abin da ke faruwa sananne ne: mahaifi ya rasu, gidan yana hannun wani amintacce ko ɗaya daga cikin 'ya'ya, sauran sun yi shekaru ba su taka Legas ba. Kowa yana riƙe da hoton gidan yadda ya san shi yana yaro, yana kuma jin labarin yadda ƙasa ta yi tsada a Ikko. Ran da Yaya ya bugo waya ya ce an taya kaza saboda ginin ya lalace, sai zargi ya shiga, ƙanne mata su ce an haɗa baki da dillali, zumunci ya fara tsami.

Rahoton wanda ba ɗan gida ba, haɗe da ƙiyasin mai ƙiyasta daraja, yana kashe wannan wutar tun ba ta kama ba. A tura wa kowane magaji kwafinsa da hotuna a WhatsApp, a kai wa malamin ko alƙalin da zai raba. Kuɗin aikin a amince a rubuce cewa daga dukiyar za a cire. Shi ma wanda yake riƙe da gidan, wannan kariya ce gare shi.

Dubawar ta haɗa da takardu?

Injiniya ba ya duba mallaka, wannan aikin lauya ne da safiyo, amma a yi su tare, domin a Legas takarda ta fi bango kashe ciniki. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana bukatar amincewarsa, wadda ake nema a ofishin filaye da ke Alausa, Ikeja. Gidajen mutanenmu da yawa, abin da ke akwai shi ne rasit ɗin dangin masu ƙasa, waɗanda ake kira omo onile, da wata tsohuwar yarjejeniya. Ka san matsayinka kafin lauyan mai saye ya gaya maka.

Ka nemo taswirar safiyo, da izinin gini, ka ga ko abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da aka amince. Shagunan da aka ƙara a gaba da hawan da aka ɗora daga baya su ne suka fi jawo magana, ta wajen hukuma da ta wajen nauyin da tushe yake ɗauke da shi. A duba ko ginin ya shiga hurumin magudanar ruwa, don a 2023 gwamnatin jihar ta rushe manyan gidaje a Ikota da ke Lekki a kan haka, ko kuma yana ƙarƙashin babban layin wuta. Sai bashin harajin gida na shekara-shekara, da bashin wutar lantarki da ɗan hayan da ya gudu ya bari a kan mita.

Mai sayen ya ce rushewa zai yi ya gina bene. Sai na duba?

Idan ka tabbata filin ake saye, cikakkiyar dubawa ba ta da amfani, takardu da awon safiyo su ne aikinka. Sai dai ka yi hattara, “ai rushewa zan yi” tsohuwar dabarar ciniki ce. Wani zai sayi gida a kuɗin fili, ya yi masa kwaskwarima, ya zuba 'yan haya. Dubawa ta ido, ko ta rabin yini ce, za ta gaya maka ko ginin yana da sauran daraja da ya kamata a biya.

Idan rahoton ya ce ginin yana da haɗari fa?

To maganar ciniki ta koma baya, ta rai ce a gaba. Ka nemi injiniya na biyu ya tabbatar, a yi gwajin kankare idan ba a yi ba. In sun haɗu a kan magana ɗaya, ka sanar da mazauna gidan a rubuce, a kwashe mutane daga ɓangaren da aka nuna, a tokare inda aka ce a tokare. Daga nan ko a ƙarfafa ginin a ƙarƙashin kulawar injiniya, ko a sayar da shi a matsayin fili, mai saye yana sane. A yawancin unguwannin Legas ƙasar ce take ɗauke da kaso mai yawa na kuɗin, saboda haka ba ka tashi a tutar babu ba.

Na ba mai saye rahotona, ya ce sai ya kawo nasa injiniyan. Raini ne?

Ba raini ba ne, haƙƙinsa ne, kai ma da za ka saya haka za ka yi. Ka buɗe masa ko'ina har cikin silin. Idan nasa ya zo da abin da naka bai gani ba, a haɗa su biyun su je wurin tare, yawanci a tsaye suke warwarewa. Ka dai lura da kwanan watan da ke kan naka rahoton: idan damina guda ta wuce a kansa gidan bai fita ba, ka sa a sake leƙa rufi da bangon ƙasa a sabunta shi kafin ka miƙa wa wani.